Yadda na gyara allon talla na niyon mai kyaftawa

Haruffa huɗu ne na bututun gilashi mai faɗin milimita 12, cike da niyon (iskar gas mai ba da jan haske idan wuta ta bi ta cikinta), jere a kan taransfoma ɗaya mai bolt 15,000 da miliyamfa 30. Dukkansu suna kyaftawa, jan ya koɗe ya koma ruwan hoda. Tunda layi ɗaya wuta ke bi, harafi guda ya isa ya gurgunta sauran.

Na kashe wuta, na tsallake harafin farko da wayar GTO (waya mai jure bolt mai yawa) don wuta ta bi ta wayar maimakon harafin, na matsa gefe na kunna. Haka na bi su. Da na tsallake na uku, sauran suka kama tangaran. Kusa da lantarodinsa (ƙarfen bakin bututu da wuta ke shiga ta cikinsa) akwai tsaga siririya kamar gashi, gilashin wurin ya yi baƙi, yana zafi. Iska ce ta shiga ta gurɓata niyon ɗin.

Gam ba ya maganin wannan. Na yanke bakin bututun, na narka sabon lantarodi a kai, na zuƙe iskar da famfo, na gasa bututun da wuta mai ƙarfi har wajen digiri 250 don dattin ciki ya fita. Da ya huce na cika niyon zuwa tor 11 (tor ma'aunin matsin iska ne), na liƙe.

Matsewar mariƙin bututun ce ta tsaga gilashin, sai na sassauta shi.