Babi na Shida: Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Sa Masana'anta Ta Yi Masa Kaya da Sunansa

Ba kowane kaya da ake gani a kasuwa ba ne mai sunan da ke jikinsa ya yi shi a masana'antarsa. Akwai sabulu da man shafawa da man gyaɗa da shinkafar buhu waɗanda masu su ba su mallaki ko inji ɗaya ba. Abin da suke yi shi ne su je wurin masu inji su ƙulla yarjejeniya, a yi musu kayan, a buga sunansu da tambarinsu a jiki, su kuma su fita neman masu saye. 'Yan kasuwar Kantin Kwari a Kano sun daɗe suna irin wannan hulɗa da masaƙun ƙasar Sin, inda ake buga musu atamfa da sunan da suka zaɓa a bakin zanen. Ƙaramin ɗan kasuwa ma zai iya yin haka a gida, amma ya sani tun daga farko cewa duk wanda sunansa ke jikin kaya, shi ne zai ci yabo idan kayan ya yi kyau, kuma shi za a zarga idan ya ɓaci, domin mai saye bai san masana'antar ba, sunan kawai ya sani.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mutum ya zaɓi kayan da masana'anta ta riga ta saba yi, a sa masa a ledarsa. Wannan ba ya cin kuɗi da yawa, sai dai sabulun da aka ba ka shi ne za a ba wani gobe da wani suna daban. Wanda yake da nasa haɗin, kamar macen da ta ƙware wajen haɗa sabulu a gida har masu saye suka fi ƙarfin tukunyarta, zai iya kai haɗin a yi masa da yawa. Akwai kuma wanda yake kawo ɗanyen kayan da kansa ya biya ladan aiki kawai, kamar yadda ake kai shanshera wurin masu injin casa a Kura, a gyara ta, a cire tsakuwa, a zuba a buhun da ke ɗauke da sunan mai ita.

Gwada kaya kafin biyan kuɗi

A Kano, unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Challawa su ne wuraren da ya kamata a fara leƙawa. Kada mutum ya tsaya ga abin da dillali ya faɗa masa a waya. Ya je da ƙafarsa ya ga injin yana aiki, ya ga tsabtar wurin da inda ake ajiye kaya, ya nemi a nuna masa takardun da hukuma ta ba masana'antar, sannan ya tambayi wasu da aka taɓa yi wa aiki ko an cika musu alkawari a kan lokaci.

Bari mu ɗauki sabulun wanki. Idan an ba ka samfuri, kada ka tsaya ga ƙamshinsa da kyawun launinsa. Ka ɗora sanda ɗaya a sikeli ka rubuta nauyinta, ka ajiye ta a sarari tsawon mako biyu, ka sake aunawa, domin sabulun da aka cika wa ruwa yana motsewa ya ragu, musamman lokacin hunturu, har ya riƙa rawa a cikin ledarsa. Ka yanka wata sandar biyu ka duba cikinta ko akwai ramuka ko farin gari. Ka ba matan gida su yi wanki da ita da ruwan rijiya da na famfo, su gaya maka ko tana kumfa, ko tana saurin narkewa, ko tana cin hannu, wanda yawanci alama ce ta soda ta yi yawa. Idan samfurin ya gamsar, a raba shi biyu, kai da mai masana'anta ku sa hannu a jikin ledar kowanne, kowa ya ajiye nasa. Ranar da kaya suka fito, da wannan samfurin za a gwada su. Mutane da yawa suna raina wannan mataki, alhali shi ne ke raba gardama idan zubi na biyu bai yi kama da na farko ba.

Suna da takardun hukuma

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ita ce ta farko, kuma da ita ake buɗe asusun banki na kasuwanci. Sai dai wannan rajista ba ta hana wani buga sunan sabulunka a nasa kayan. Abin da ke kare sunan kaya shi ne rajistar tambari, wadda ake yi a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ana raba kaya aji-aji, sabulu yana aji na 3, shinkafa tana aji na 30, kuma rajistar tambarin tana aiki shekara 7 a karon farko, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A sa a bincika ko wani ya riga ya kama sunan kafin a kashe ko kobo wajen buga leda. Kwaikwayon suna ko launin wani kamfani da ya yi fice, da nufin a ruɗi mai saye, hanya ce ta jawo wa kai ƙara a kotu da ƙwace kaya.

Abinci da magani da kayan shafa da sabulu da ruwan leda duk suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Lambar da take bayarwa ta kaya ɗaya ce mai suna ɗaya, kuma tana aiki shekara 5. Saboda haka ba daidai ba ne mai masana'anta ya ce ka ari lambar sabulunsa ka buga a naka. Duk wanda ya yi haka, kayansa marar rajista ne a idon hukuma. Kai za ka nemi taka lambar, ka gabatar da yarjejeniyar da ke tsakaninka da masana'antar tare da shaidar tambarinka, hukuma kuma ta duba wurin da ake yin kayan ta gwada samfuri. A jikin ledar dole a ga sunan kaya, da abubuwan da aka haɗa, da nauyi, da sunan masana'anta da adireshinta, da lambar zubi, da ranar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Galibi akan rubuta cewa kamfani kaza ne ya yi shi domin kamfani kaza.

Lissafi

Kowace masana'anta tana da mafi ƙarancin adadin da za ta yarda ta kunna inji dominsa, kuma a nan ne jarin ƙaramin ɗan kasuwa yake maƙalewa. Ga misali na koyon lissafi kawai, tun da farashi yana canzawa. A ce masana'anta ta ce ba za ta yi ƙasa da sanda 5,000 ba, kowace sanda naira 300. Leda da bugun suna naira 40, katan da dako naira 20, sannan idan aka raba kuɗin rajista da na zanen tambari a kan kayan, kowace sanda ta ɗauki naira 20. Ke nan sanda ɗaya ta tsaya a kan naira 380, jimillar jari naira 1,900,000. Idan aka sayar wa 'yan sari a naira 450, ribar kowace sanda naira 70 ce, wato naira 350,000 idan kayan sun ƙare kaf.

To amma a ce sanda 1,000 sun yi kwantai. Abin da ya shigo hannu shi ne naira 1,800,000, wanda bai ma kai uwar kuɗi ba. Sai an sayar da sanda 4,223 kafin jarin ya dawo, duk ribar kuma tana cikin sauran 777 ɗin. Idan aka tuna cewa masu shago sukan karɓi sabon kaya bashi, su ce sai sun sayar za su biya, za a gane dalilin da ya sa bai dace mutum ya zuba dukan jarinsa a zubi na farko ba. Wanda ya riga yana da masu saye, kamar ɗan sari a kasuwar Singa da yake raba sabulun wasu ga shaguna, shi ne wannan sana'a ta fi dacewa da shi. Waɗanda adadin ya fi ƙarfinsu suna iya haɗuwa a ƙungiya su yi suna ɗaya.

Yarjejeniya a rubuce

Amana tana da kyau, amma rubutu ba ya rage ta. A rubuta nauyi da launi da ƙamshin kayan kamar yadda suke a samfurin da aka sa wa hannu, da adadi, da farashi, da ranar miƙa kaya, da nawa ne kafin alƙalami da lokacin biyan ciko. Ya fi kyau a bar cikon sai an duba kaya. A rubuta wanda zai ɗauki asara idan kayan suka fito da aibu. Mai nasa haɗin ya sa a rubuta cewa ba za a yi wa wani amfani da shi ba. Sai kuma abin da aka fi mantawa da shi, wato farantin buga suna da ragowar ledar da aka buga: a fayyace cewa naka ne, a riƙa ƙidaya abin da aka yi amfani da shi da abin da ya rage, domin ledar da ke ɗauke da sunanka idan ta faɗa hannun da bai dace ba, za a iya zuba jabun kaya a ciki a sayar a kasuwar da kai ka sha wahalar buɗewa. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna ya sa wani amintacce ya karanta masa takardar a gaban shaidu, kuma ya karɓi kwafinsa kafin ya bar wurin.

Aikin da ɗalibai za su yi kafin darasi na gaba shi ne kowa ya kawo ledar sabulu ko ta wani abinci daga gida, ya nemo sunan masana'anta da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi ya kwafe su a littafinsa. Bayan haka ya sake lissafin da ke sama, ya gano sanda nawa za a sayar kafin jari ya dawo idan 'yan sari suka ƙi biyan fiye da naira 420.