Kafin ka biya kuɗin gida mai babban fili a bayan garin Garwa

Gida marar bene, ɗaki huɗu da falo, a tsakiyar fili mai faɗin mita 25 da tsawon mita 40, irin waɗanda ake tallatawa wajen Jambutu ko ƙetaren gada ta Bokle, yana saurin shiga rai. Dillali zai fara nuna maka fenti da tayil da inuwar mangwaro. Ka bar waɗannan sai daga baya. Kwano da fenti da waya duk kuɗi na gyara su, amma takarda mai matsala da filin da ruwa ke kwanciya a kai, waɗannan da su za ka zauna har ka bar wa 'ya'yanka. Da su za a fara.

A Kamaru takarda ɗaya ce ke tabbatar da mallakar fili a idon hukuma, ita ce titir fonsiye. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce cinikin filin da ba a yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba ɓatacce ne, kuma ko mai rajistar ne, sai an ƙulla cinikin a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita. Takardar da lawan ko jauro ya sa wa hannu tana da amfaninta, tana nuna unguwa ta san mai gidan, amma ba ta kai titir ba, kuma sau da yawa akan sami fili ɗaya da irin wannan takardar guda biyu a hannun mutum biyu. Ka karɓi lambar titir ɗin, ka je da ƙafarka ofishin ajiyar rajistar filaye na ma'aikatar filaye, ka nemi sabuwar takardar shaidar mallaka. A nan za ka ga sunan mai filin na yau, da ko an jinginar da shi a banki, da ko akwai ƙara a kansa. Kada ka dogara da kwafin da dillali ya miƙo maka. In gidan gado ne, ka nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, ka tabbata kowa ya yarda, har 'yar da ke aure a Ngaundare da ɗan da ke ci-rani a Duwala. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da rabon ƙannensa. In kuma yanki ne aka yanko daga wani babban titir, sai an raba shi a hukumance ya sami lambarsa.

Daga nan ka ɗauko jometir, mai awon fili, ya zo da taswirar da ke haɗe da titir ɗin ya nemo duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya. A babban fili katanga ba kasafai take zama daidai kan iyaka ba. Wani lokaci maƙwabci ya ci mita biyu, wani lokaci gidan ne ya shiga hanyar da birni ya shata, ranar da za a buɗe hanyar kuwa da zauren za a tafi. Ka tambayi takardar izinin gini, ka kuma leƙa ofishin magajin gari ka ji abin da aka tsara wa wurin.

Sai maganar ruwa, wadda a Garwa ita ce babba. Wanda ya ga ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ya cika aka saki ruwan madatsar Lagdo, ya san yadda unguwannin kwari suka kwana. Gidan da ka duba a watan Fabrairu, ƙasa a bushe, iska na kaɗawa, ba ka gan shi ba tukuna. In da hali ka dawo a Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ya tsaya a tsakar gida da ko mota za ta iya shiga layin. In cinikin ba zai jira damina ba, bango zai ba ka labari. Ka tsuguna ka dubi gindin katanga ta waje, can bayan gida inda ba a damu da yi wa fenti ba: layi mai duhu a miƙe, kamar an ja shi da igiya, shi ne iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Farin gari kamar kanwa da ke fitowa a ƙasan bango, da filasta da ke kumbura tana zubewa, alamar danshi ne da ke hawowa daga harsashi. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara tsakar gida da aƙalla santimita 30, tsakar gida kuma ta ɗara titi. In sai ka gangara daga titi kafin ka shiga gidan, ruwan layin gaba ɗaya naka ne. Ka kuma tambayi matan maƙwabta da mai shagon kwana, su ba su da la'ada a cinikin.

Ka lura da irin ƙasar. Baƙar laka da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta, tana kumbura da damina, da rani ta tsage har hannu ya shiga. Tana da yawa a kwarin Binuwai da kewayen Marwa, kuma ginin da aka ɗora mata ba tare da harsashi mai zurfi da ɗaurin kankare ba, kullum cikin motsi yake. Saboda haka ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, sai ka bambance. Siririya kamar gashi da ta bazu a fuskar filasta, ta filastar ce kawai. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama, kuma kana ganinta ciki da waje a wuri ɗaya, wannan harsashi ne ya zauna. In tsabar sefa 100 ta shige ta, ka kira injiniya kafin ka ƙara taku. Ƙofar da ke cijewa, da tayil da ya fashe a layi ɗaya daga ɗaki zuwa ɗaki, duk abu ɗaya suke faɗa. Sabon fenti a bango ɗaya tak, sauran na tsoho, ka tambayi dalili.

Ka zo da ƙusa mai inci huɗu ka karci bulo a inda ba a yi filasta ba. Buhun siminti mai kilo 50 bulo talatin da 'yan kai ya kamata ya fitar, na santimita 15. Mai son riba yakan ja shi har hamsin, irin wannan bulon kuwa ƙusa na taɓa shi yake zubar da yashi. Ka duba ko akwai ɗaurin kankare da rodi da ya zagaye ginin a saman tagogi da ƙofofi. Gidan da babu shi, kada ka yi mafarkin ɗora masa bene nan gaba.

Ka sa yaro ya kawo tsani, ka buɗe silin ka leƙa da tocila. Abu uku kake nema: hasken rana ta ramukan ƙusa, hanyar gara mai kama da jijiyar laka a jikin katako, da yadda aka ɗaure katakon da ginin. Guguwar farkon damina a Afrilu da Mayu tana kwashe rufi ɗungurum in ba a ɗaure shi da ƙarfe a cikin kankare ba. Ka soki katakon da sukudireba, in ya nutse gara ta gama da cikinsa. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, don haka ka shiga ɗakunan da ƙarfe uku na rana. Silin da bai kai mita 3 ba, ga babu ramukan iska a ƙarƙashin kwano, ga ɗakin kwana yana kallon yamma, kuɗin wuta ne za ka yi ta biya. Darbejiya tana sanyaya gida, amma wadda ke jikin bango saiwarta na ɗaga daɓe tana fasa bututu, gwamma ta yi nisan mita 5 ko fiye.

Wuta da famfo ba su da wuyar dubawa. Ka ga mita da sunan wa take, ka ga rasit na ƙarshe don kada ka gaji bashi, ka buɗe akwatin fis ka ga ko akwai wayar ƙasa da alamar ƙuna. Ka buɗe famfon da ya fi nisa da mita da rana tsaka. In rijiya ce ko foraj, wato rijiyar burtsatse, watan Afrilu ne ke nuna gaskiyarta, kuma ka auna tazararta da ramin masai da taku: ƙasa da mita 15 bai yi ba, 30 ya fi kwanciyar hankali, har da masan maƙwabci da ke bayan katanga.

Babban fili yana da nasa kuɗin da mutane ke mantawa. Fili mai mita 25 da 40 kewayensa mita 130 ne. Katanga mai tsayin mita 2 za ta ci bulo wajen 3,250, ban da harsashi da ginshiƙai da ƙofa. In katangar da ke akwai ta karkata, ko babu ginshiƙi duk bayan mita uku, ka sa wannan lissafin a cikin tayin da za ka yi. Haka cikon ƙasa in akwai kwari, da ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini aka cike da shara, waɗanda ba a iya gini a kansu sai an kwashe.

Duk abin da ka gano ka rubuta, magini ya yi maka kiyasin gyara a takarda, da ita za ka zauna ciniki. Kuɗin kafin alƙalami ma kada ya fita sai a ofishin noter, kuma ka bi sawun takardun har a juya titir ɗin zuwa sunanka, ka sake karɓo shaidar mallaka ka karanta sunan da idonka.