Yadda za ka zaɓi agogon hannu mai batir a Katsina

Idan ka shiga Babbar Kasuwar Katsina neman agogo mai araha, kada ƙyallin fuska ya ɗauke maka hankali. Juya shi ka karanta bayansa tukuna. In an rubuta “Stainless steel back”, murfin baya kaɗai ne ƙarfe marar tsatsa, jikin kuwa gamin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan gwal ko na azurfa, kuma gumin bazara ɗaya ya isa ya fara ɓare shi. Wanda aka rubuta “All stainless steel” ya fi tsada, amma launinsa na nan.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi komai muhimmanci ga mai alwala sau biyar a rana. Agogon da aka rubuta wa 3 ATM ko 30M, wato ma'aunin juriyar ruwa, yana jure fantsamar ruwa ne kawai. Da 5 ATM hankalinka ya fi kwanciya, wanka da iyo kuma sai 10 ATM. Galibi ruwa ta wajen maɓallin saiti yake shiga, don haka duk lokacin da ka gyara lokaci, danna shi ya koma ciki sosai. Ka ga tururi a cikin gilashi? Kai wa mai gyara a ranar, kafin inji ya yi tsatsa.

Ka roƙi mai shago ya buɗe murfin ka ga injin. Miyota 2035 na kamfanin Citizen da PC21 na gidan Seiko injina ne masu arha da ƙarko, dukansu da batir SR626SW suke aiki, wanda ake kira 377, yana kai shekara biyu zuwa uku. Batir da ya mutu kada ya daɗe a ciki, yakan zubar da ruwa ya ci injin. Casio F-91W mai lambobi, wanda ya fito a 1989, nauyinsa giram 21 ne, batir ɗinsa CR2016 yakan kai shekara bakwai. Jabunsa ya yi yawa. Danne maɓallin dama na daƙiƙa uku, na asali zai nuna CASIo. Wasu jabun ma sun kwaikwayi wannan, sai ka haɗa da duba tsabtar rubutun fuskar.

Madauri fa? Na fata yana da daɗi da hunturu, amma daga Maris zuwa Mayu yana shan gumi ya yi wari ya tsage. Na roba ya fi dacewa da ɗan kasuwa da mai babur, sai dai yakan bushe ya karye a wajen huji. Sarƙa ta fi daɗewa. A rage ta har ƙaramin yatsa ya iya shiga tsakaninta da hannu.

Faɗin fuskar agogo na milimita 36 zuwa 40 ya ishi yawancin hannaye. Gwada shi da kaftaninka a jiki, domin agogo mai kauri yana maƙalewa a hannun riga mai links. Gilashin roba irin na Casio MQ-24 ba ya saurin fashewa, amma ƙurar hunturu na karce shi idan ka goge a bushe. Hura ƙurar tukuna, sannan ka sa ƙyalle mai laushi.