Yadda Ake Jagorantar Zaman Nazarin Littafin da Jigonsa Mutuwa da Rashi

Duk wanda ya taɓa jagorantar zaman nazarin littafi, a aji ne ko a taron marubuta ko a tsakanin abokai, ya san cewa labarin da aka gina a kan mutuwa yana da nauyin da babu shi a labarin soyayya ko na jarumta. Mai karatu yakan zo da littafi a hannu, mamacinsa kuma yana zuciya, saboda haka idan ya buɗe baki yana maganar tauraruwar labari, sau da yawa mahaifiyarsa yake nufi, ko ɗan da ya kai makwanci da hannunsa. Aikin jagora shi ne ya ba littafin haƙƙinsa, ya kuma ba mai rashin nasa, ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba.

Zan yi misali da Une si longue lettre na Mariama Bâ, marubuciya 'yar ƙasar Senegal, wanda aka buga a Dakar da Faransanci a 1979, ya ci kyautar Noma, wato lambar yabo ta littattafan da aka buga a Afirka, a 1980, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi da sunan So Long a Letter a 1981, shekarar da ita kanta marubuciyar ta rasu. Labarin wasiƙa ce da wata malamar makaranta mai suna Ramatoulaye take rubuta wa aminiyarta Aissatou a lokacin da take takabar mijinta Modou, wanda suka haifi 'ya'ya 12, wanda kuma ya auri ƙawar 'yarsu ya juya mata baya shekara 5 kafin mutuwarsa. Na zaɓe shi ne domin Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin zaman makoki, ko sadakar uku da ta arba'in, ko wata 4 da kwana 10 da aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa matar da mijinta ya rasu.

Shiri yana farawa tun kafin ranar zama. Wajibi ne jagora ya sanar da mahalarta abin da littafin ya ƙunsa tun lokacin da ake raba shi, ya kuma bincika cikin hikima ko akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan. Idan akwai, sai ya same shi a keɓe ya faɗa masa cewa yana da zaɓin halarta ko ya dakata zuwa littafi na gaba, kuma babu wanda zai tambaye shi dalili. Yana da kyau mahalarta su kasance 'yan kaɗan, kamar 8 zuwa 12, domin abin da mutum zai iya faɗa a gaban mutum goma ba zai faɗe shi a gaban hamsin ba.

Kada a buɗe zama da tambayar yadda kowa ya ji. Tambaya ce da ta yi wa baki girma a farkon magana, kuma mu mutane ne da aka raina a kan kunya da dauriya. Wanda aka tambaya yaya aka ji da haƙuri ya saba amsawa da cewa da godiya, ko da cikinsa yana ƙuna. Abin da ya fi shi ne a zaɓi wani ɗan wuri a littafin, wani ya karanta shi a bayyane, sannan a yi tambaya a kan abin da ke shafin. A littafin Mariama Bâ, wurin da ake kwatanta zaman makoki, inda masu ta'aziyya suka cika gida ana ci ana hira ana ƙirga kuɗin gudummawa alhali matar mamaci tana lulluɓe a gefe, ya isa ya buɗe bakin kowa, domin babu wanda bai taɓa ganin irinsa ba. Daga maganar abin da marubuciya ta gani, mutane da kansu sukan gangaro zuwa abin da su suka gani.

Martanin masu karatu ba ya zuwa iri ɗaya, kuma a nan ne ake gane gwanin jagora. Akwai wanda zai ce littafin bai taɓa shi ba ko kaɗan, ya ga tauraruwar ta cika dogon tunani. Kada a hau shi da zargin taurin zuciya. A tambaye shi wane wuri ne ya gundure shi, domin amsarsa na iya tona wani rauni na gaskiya a rubutun. Akwai kuma wadda za ta yi fushi da Ramatoulaye a kan ta zauna tana jimamin mutumin da ya wulaƙanta ta, wata kuma ta ce ai shekara 30 na aure ba sa gogewa saboda laifin shekara 5. Wannan saɓani shi ne zuciyar littafin, kuma a ganina ya cancanci a ba shi rabin lokacin zaman, domin yana taɓo abin da ba a cika faɗa a gidan makoki ba, wato mutum yana iya kukan wanda ya cuce shi, yana kewarsa yana kuma jin haushinsa a lokaci guda.

Akwai ramuka biyu da irin wannan zama yake yawan faɗawa. Na farko shi ne muhawarar kishiya. Da zarar an ambaci amarya, maza su ja layi mata su ja layi, a manta cewa akwai gawa a labarin. Jagora ba zai hana maganar ba, tunda tana cikin littafin, amma ya dawo da ita kan takaba ta hanyar tambaya, misali me ya sa Ramatoulaye ta ƙi tayin auren Tamsir, yayan mijinta, wanda ya gabatar da buƙatarsa ranar arba'in. Rami na biyu shi ne wa'azi. Wani zai tashi ya ce yawan baƙin ciki rashin tawakkali ne, kuma da wannan magana guda yana iya rufe bakin duk mai rashi a ɗakin. A nan ya dace jagora ya tunatar cikin ladabi cewa ya tabbata a hadisi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, sannan ya mayar da zance kan littafi, domin zaman na nazari ne, fatawa kuwa tana da masu ita.

Idan wani ya fashe da kuka, ba a katse shi, ba a kuma taru a kansa da ban baki. A yi shiru na ɗan lokaci, na kusa da shi ya miƙa masa ruwa, a yi wa mamacinsa addu'a a taƙaice, sannan a tambaye shi ko a ci gaba ko a ɗan huta. Shiru ba gazawar zama ba ne, ko da yake jagora sabon shiga yakan ji kamar dole ya cike shi da surutu. Haka nan kada a matsa wa wanda bai ce komai ba tun farko. Wataƙila shi ya fi kowa sauraro.

Kafin a tashi, a yi yarjejeniya cewa abin da wani ya faɗa game da gidansu ya tsaya a ɗakin. Jagora ya rufe da tambaya mai sauƙi a kan salon rubutun, kamar dalilin da ya sa aka zaɓi sigar wasiƙa, domin mutane su sauko daga nauyin da suka ɗauka kafin su kama hanya. Bayan kwana biyu ko uku, ya kira wanda ya yi kukan a waya ya gaishe shi, idan kuma ya lura mutumin ya daɗe ba ya barci ko ba ya cin abinci tun bayan rashin, ya ba shi shawarar ganin likita, ya kuma sanar da wani na jikinsa da izininsa.