Yadda ake rubuta saƙon gayyata da maraba na biki a waya

Yanzu kusan duk bikin da za a yi a Katsina kati biyu ake yi masa, na takarda da ake kai wa manya hannu da hannu da ɗan goro ko alawa, da kuma hotonsa da ake watsawa a WhatsApp. To shi na wayar nan ba ya tafiya shi kaɗai, akwai ɗan rubutun da ke raka shi, kuma a nan mutane ke rikicewa. Wani ya turo maka hoton kati tsurarsa ko sallama babu, wata kuma ta cika maka waya da labarin yadda suka haɗu da angon tun suna makaranta har ka gaji ba ka ga ranar ɗaurin auren ba. Rubutun nan kamar wanda aka tsayar ne a bakin zaure yana tarbar baƙi, aikinsa ya yi sallama, ya ce sannunku da zuwa, ya nuna wa kowa inda zai nufa, shi ke nan.

Kafin ka fara dannawa ka tambayi kanka da bakin wa ake magana. A wurinmu ba ango da amarya ke gayyata ba, gidaje biyu ne, shi ya sa kati ke farawa da iyalan Alhaji Wane da na Malam Wane. Samarin da ke kwaso salon Turawa su juya shi, ni da abar ƙaunata muna gayyatarku ranar da muka daɗe muna jira, dan Allah ku tuna saƙon nan zai faɗa wayar baffan amarya da limamin unguwa, kuma ba za su ce komai ba amma sun gani. Kunya ba ta tafi ko'ina ba don an koma waya. Muna gayyata, ɗiyarmu, ɗanmu, haka ake cewa ko da kai angon ne ke rubutawa da hannunka.

Sunaye kuma su ne wurin da ake ɓata zumunci ba a sani ba. Kar ka rubuta sunan uban amarya daga ka, ka kira wani a gidansu ya faɗa maka yadda ake rubuta shi cikakke, Alhaji ne ko Malam ko Dakta, Muhammad yake rubutawa ko Muhammadu, Abubakar ko Garba aka fi saninsa da shi. In mahaifin ya rasu a ce iyalan marigayi Wane, a bi shi da Allah ya jiƙansa, sannan a tambaya ko za a sa sunan waliyyin da zai ba da auren, galibi baffa ne ko yayan uba kuma shi ne mutane za su nema a wurin ɗaurin aure. In akwai mai sarauta a dangi to sarautar ba a gajarta ta ba a kuma musanya ta, a ƙasar da ake da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi ba ka isa ka ɗora wa hakimi sarautar wani ka ce kuskuren waya ne ba. Wane gida za a fara ambata, wannan ma manya za a bar wa, kar kai da abokanka ku yanke a majalisa.

Sai tsarin layukan. WhatsApp yana yanke dogon saƙo sai mutum ya danna sannan sauran ya buɗe, kuma wallahi da yawa ba sa dannawa. Don haka sallama, su waye ke gayyata, auren wa da wa, wace rana, ƙarfe nawa, a ina, duk su shigo tun farko. Addu'a da godiya su biyo baya. In kana son rana da wuri su fito da kauri ka sa tauraro gaba da bayan kalmar, WhatsApp da kansa zai kaurara ta, amma rana da wuri kawai, in ka kaurara komai babu abin da ya fito.

Maganar lokaci ita na fi son in daɗe a kai. Bayan sallar Juma'a ba lokaci ba ne sai ka faɗi masallacin, don masallatan cikin gari ba tare suke tada salla ba, wanda ya yi tasa a wani wuri yana iya isowa ya tarar an shafa fatiha har an fara rabon dabino. Ka rubuta masallacin, ka kuma sa ƙarfe, misali 2:30 na rana. In safiyar Asabar ce ka ce 11:00 na safe, kuma in da gaske za a ɗaura a kan lokaci ka faɗa, liman ba zai jira kowa ba, ɗaurin aure abu ne na 'yan mintoci ba kamar yinin mata ba da za a ce ƙarfe 2 a fara taruwa bayan La'asar. Kwanan watan Musulunci yana da kyau a sa shi, amma ka tuna wata kwana 29 yake yi ko 30 kuma sai an ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, in ka rubuta saƙo tun watan bai kama ba yana iya saɓawa da kwana ɗaya. Ka kafa a kan sunan rana da kwanan watan boko, na Hijira ya zo a gefe. Ka kuma duba kalanda ka tabbatar ranar da kwanan watan sun dace, sau nawa ake ganin Asabar 14 ga wata alhali 14 ɗin Lahadi ce, mutane su yi ta kiran uwar amarya suna tambaya.

Wuri ma haka. Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa ba kwatance ba ne, unguwa ce guda, ɗan gari ma sai ya yi tambaya balle wanda ya taso daga Kano. Ka ba da abin da mai keke Napep ya sani, masallaci kaza, bayan makaranta kaza, layi na biyu hannun dama. Lokeshan na waya yana taimako amma lungunan cikin gari irin wajen Gobarau sai ya kai mutum bayan katangar gidan ya ce an iso, don haka a haɗa da kwatancen baki da lambar mutum ɗaya da zai ɗauki waya ranar, ba ango ba, ango ranar ba ya jin kira. In ɗaurin aure a Daura ne walima a Katsina, a faɗa ƙarara, tsakaninsu kusan kilomita 80 ne ba a haɗa su a sa'a guda a ce kowa ya kama hanya.

Ga irin wanda za a iya tura wa kowa:

"Assalamu alaikum. Iyalan Alhaji Wane da na marigayi Malam Wane, Allah ya jiƙansa, na farin cikin gayyatarku ɗaurin auren 'ya'yansu Wane da Wance, ranar Asabar kaza ga wata, ƙarfe 11:00 na safe, a masallacin unguwa kaza, kusa da wuri kaza, Katsina. Muna maraba da ku, masu zuwa daga nesa Allah ya kawo ku lafiya ya mai da ku lafiya. Wanda bai samu zuwa ba a sa su a addu'a. Allah ya ba da ikon zuwa, amin."

Ka ga bai fi numfashi uku ba amma babu abin da mutum zai kira ya tambaya. Layin nan na wanda bai samu zuwa ba kar a raina shi, yana sauke wa mai uzuri nauyi, wani kuɗin mota ne babu kuma ba zai faɗa ba.

Saƙo ɗaya kuma ba ya yi wa kowa. Maza ɗaurin aure da walima suke son sani, ba ruwansu da ranar sa lalle. Mata su ke buƙatar jerin kwanaki, kamu, lalle, yini, kai amarya, buɗar kai, kowanne da wurinsa, da wanda ake sa anko da wanda ba a sawa. In akwai dina da sai da kati ake shiga to kar a sa ta a saƙon da za a watsa wa duniya, a tura wa waɗanda aka gayyata kawai, ba abin da ya kai a tare mutum a ƙofar hol da kwalliyarsa ciwo. Na ƙawaye kam ke amarya ki sake, nan ne wurin wasa da imoji, 'yan uwa rana ta zo fa, kamu Alhamis bayan La'asar a gidan Gwaggo, wadda ta makara ita za ta biya kuɗin kamun. Ki dai tabbata gurup ɗin ƙawayen kika tura ba na dangin ango ba.

Manya kuwa, kawu da gwaggo da malaminka da surukai, ba a gayyatarsu da saƙon da aka tura wa mutum ɗari. A taka a je, ko a tura yaya da kati, in nesa ne a kira. Rubutun waya tuni ne kawai bayan an yi wannan, kuma shi ma da nasa ladabin: Baba barka da yamma, an ce in tuna maku ɗaurin auren yana nan ranar Asabar ƙarfe 11:00 in Allah ya kai mu, Allah ya ƙara girma. Hajiya da ba ta karanta boko a yi mata saƙon murya, a gaishe ta da kyau, a faɗi rana sau biyu a hankali, kar ya wuce minti ɗaya.

Aya da addu'a, masu so suna sa aya ta 21 a Suratur Rum, ko addu'ar da ta zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi, barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair. Ni dai ra'ayina ɗaya ta isa, kuma a kai wa malami ya duba kafin a tura don Larabcin da ake kwafowa wani lokaci haruffa na juyewa. A katin takarda ma gara a bar ayar, ka je wurin ɗaurin aure bayan an watse ka ga inda katunan suke ƙarewa.

Lambar akawun ba ta da gurbi a saƙon maraba, sam. Mai son ba da gudummawa ya san hanya, kuɗin anko kuma a yi maganarsa daban da masu ɗinkawa. Ban da rashin kyan gani akwai 'yan damfara da ke kwafar katin mutane su canza lamba su tura wa dangi, in kowa ya san ba ku sa lamba ba to ba wanda za a cuta. Haka cikakken kwatancen gidan amarya, a tura wa wanda ake so ya zo, ba a ɗora shi a sitatus duk wanda ke da lambarka ya gani ba.

Wajen turawa ga 'yan abubuwan da ke ba mutane mamaki. Birodkas na WhatsApp, wato jerin da ke aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa shi kaɗai, yana ɗaukar mutum 256 amma sai wanda ya ajiye lambarka ne saƙon zai shigar wa, shi ya sa wani zai rantse ba a gayyace shi ba kai kuma ka rantse ka tura. Tura saƙo gaba kuma mutum 5 ne a lokaci guda. In ka ga kuskure kana da minti 15 ka gyara, bayan nan sai dai sabon saƙo. Masu ƙaramar waya sai tes, shi kuma harafi 160 ne shafi guda, da ka sa harafi mai lanƙwasa ɗaya irin ƙ ko ɗ ko imoji sai ya koma 70, don haka na tes a gajarta shi sosai. A kan hoton kati ma ka duba da idonka, wasu salon rubutun masu ado ba su san haruffan nan ba sai su bar ɗan akwati a tsakiyar suna.

'Yan uwa na ƙetare kar a manta da su. Na Maraɗi da za su shigo ta Jibiya da na Damagaram da za su biyo ta Kwangwalam agogonmu ɗaya da su, lambar waya ce kawai za a rubuta musu da +234 a cire sifirin farko. Na Saudiyya da za a kira ta bidiyo suna gabanmu da awa 2, na Ingila kuma lokacin zafinsu daidai muke, lokacin sanyi suna bayanmu da awa 1, sai a rubuta "agogon Najeriya" a gaban ƙarfen. Masu tasowa daga Kaduna ko Abuja a tura musu da wuri, mako biyu ko uku, a kuma gaya musu ko akwai masauki don su shirya tafiyar rana ba ta dare ba.

Kafin ya fita mutum biyu su karanta, ɗaya daga gidan ango ɗaya daga gidan amarya, da ƙarfi ba a zuci ba. In daga baya aka ɗaga rana ko aka canza masallaci kar a sake tura tsohon katin da ɗan bayani a ƙasa, mutane hoton za su kalla su ce ai mun gani. A yi sabon saƙo ya fara da kalmar GYARA, a faɗi abin da ya canza a layin farko, manya kuma a bi su da kira ɗaya bayan ɗaya.