Darasi na 7: Tarin da ya wuce mako biyu

Tun kaka Baba yake tari. Ya sha citta da zuma, ya sayi maganin tari a kemis har kwalba uku. Cikin dare sai ya farka rigarsa sharkaf da gumi, alhali ana tsakiyar hunturu. Wandonsa ma ya yi masa yawa.

'Yarsa ta ce, "Baba, don Allah ku shirya mu je asibiti a duba kakinku."

Ya ce, "Ke dai, mura ce."

Ta ce, "Baba, wace irin mura ce take wata uku?"

Yarinyar nan ta yi gaskiya. Duk tarin da ya kai mako biyu, musamman in ga rama, zazzaɓi, gumin dare ko jini a kaki, to a zargi tarin fuka. Ba sammu ba ne, ba kuma gado ba ne. Ƙwayar cuta ce da ke bin iska idan mai ita ya yi tari ko atishawa, shi ya sa ta fi son ɗaki mai cunkoso marar taga: zauren almajirai, gidan gyaran hali, sansanin 'yan gudun hijira.

Akwai waɗanda ba sa jiran mako biyun ma. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ko wanda yake kwana ɗaki ɗaya da mai tarin fuka, da ya fara tari ya tafi asibiti. Mai ciwon suga da mai shan taba su ma su kula. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa abin tausayi ne, domin wani lokaci ba tarin ne zai nuna ba. Sai dai uwa ta ga ɗanta ya daina wasa, ba ya cin abinci, ba ya ƙara nauyi. Kada ta ce haƙori ne.

A asibitin gwamnati za a ba ka 'yar roba ka tofa kaki a ciki. Na'urar gwajin kaki mai suna GeneXpert kan gano cutar cikin kamar awa 2. A Najeriya gwaji da magani duk kyauta ne, kuma ana shan maganin wata 6 ba fashi, ko da an ji sauƙi. In an samu mutum ɗaya da ita, a kai sauran mutanen gidan a duba su.

Aikin gida: Rubuta alamu uku da aka gani a jikin Baba. Sannan ka tambayi sunan asibitin da ake gwajin kaki kusa da ku, ka rubuto shi a littafinka.