Tara tsoffin sulallan Girka in aljihu ba nauyi

Ni dai da kwabo mai huda na faro, wanda na tsinta a tsohuwar adakar Hajiyarmu a Tudun Wada haɗe da anini da taro da sisi, daga nan abin ya bi jiki har na kai ga kuɗin Girkawa na kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutane na ɗauka sai mai hannu da shuni, alhali ba haka bane in ka san inda zaka sa ƙafa.

Da farko dai cire ranka daga mujiyar Atina, wato kuɗin birnin Atina na Girka. Ita ce kowa ke so, azurfa ce mai nauyin wajen giram 17, gaba kan gunkiyarsu Atina baya mujiya (mu nan a ga mujiya a ce a'uzubillahi, su kuwa a kan kuɗi suka ɗora ta), amma ɗaruruwan daloli take ci, ka lissafa da canjin yau ka gani. Ka fara da na tagulla, misali na Filibus na biyu sarkin Makidoniya masu hoton yaro a kan doki, an buga su da yawa shi yasa suke da sauƙi. In ka ɗan samu sarari sai ka nemi dirakma, wato ƙaramin kuɗin azurfa, ta ɗansa Iskandar wanda ya rasu a Babila a 323 kafin Annabi Isa, giram 4 da ɗoriya take, gaba mutum sanye da fatar kan zaki, baya wani a zaune riƙe da gaggafa, kuma an ci gaba da buga ta shekaru bayan mutuwarsa don haka bata wuya. Wanda hoton gumakansu ke damunsa akwai na Metafontum, wani tsohon garin Girkawa a kudancin Italiya, mai zangarniyar sha'ir.

Kafin ka sayi komai sayi ɗan sikelin dijital irin na masu gwal da gilashin ƙara girma. Su waɗannan kuɗin da guduma aka buga su ɗaya bayan ɗaya, shi yasa ba biyu da suke zuwa iri ɗaya sak, wani ya karkace wani bakinsa ya ɗan tsage. Jabu yawanci zubi ne, ka juya shi ka duba gefen, in kaga layi ya zagaye kamar an haɗa murfi biyu ko ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, ko nauyi bai kai ba, ajiye masa abinsa. Azurfa kuma bata kama maganaɗisu.

A Sabon Gari ko kasuwar birni ba nan zaka nema ba gaskiya, sai ta intanet, irinsu VCoins da MA-Shops inda dillalai ke bada tabbacin kaya. In gwanjo ne ka tuna akwai la'ada da ake ɗorawa kan farashi ga kuɗin aike, gara ku haɗu ku biyu uku ku yi oda ɗaya, ko wani ɗan uwa mai dawowa daga Ingila ya taho maku da shi. Ka nemi takardar asalin kayan, domin Girka da Turkiyya sun hana fitar da kayan tarihi.

Kar ka wanke, don Allah kar ka wanke. Na farko da na saya na dirje shi da toka da lemon tsami wai yai ƙyalli, koren nan mai santsi da ya shekara sama da 2000 yana taruwa ya tafi, sai jan ƙarfe kamar sabon murfin kwalba, darajarsa ta zube. Koren da zaka ji tsoro shine mai gari-gari da ke fitowa in danshi ya kama tagulla, kuma damina ce ke kawo shi, watan Agusta na Zariya ba wasa. Ware wanda ya kamu daga sauran, ka sa kowanne a ƴar ambulan ta takarda ka rubuta nauyi da gari da inda ka saya, ka jefa ƙullin nan mai shan danshi na cikin kwalin sabon takalmi a gwangwanin da kake ajiye su, ledar nan mai laushi kuma kar ta kusance su.